Mai Majigi da Dariyar Uwar Teku

Kujera talatin Chien Po-yen ya jera a farfajiyar haikalin Uwar Teku, alhali ya san ba wanda zai zauna ko a ɗaya.

Shekararsa shida a wannan aiki da ya gada wajen kakansa. Mu a ƙauyukan gaɓar Tainan, duk wanda Uwar Teku, abar bautar mutanen bakin ruwa, ta biya wa buƙata sai ya ɗauko mai majigi ya haska mata fim don godiya. Allon ma ita yake fuskanta. A da gari ne ke cika wurin, yanzu kuwa kowa na manne da wayarsa, sai dai karnuka biyu su zo su kwanta ƙarƙashin kujeru.

Ranar, bayan faɗuwar rana, ya gama haska abin da aka ɗauko shi dominsa. Ya duba hagu, ya duba dama, ba kowa. Sai ya buɗe wani tsohon gwangwani na kakansa, ya ɗora fim ɗin da ya fi so a duniya, wani baƙi da fari na shekara sittin da suka wuce mai suna Mayyar Gidan Gishiri.

Ana tsakiyar nuna maƙabarta ya ji murya daga bayan allo.

"Kai mai majigi, kabarin nan motsi yake yi."

Ya zagaya. Wata budurwa ce zaune kan babur ɗinta, sanye da rigar ma'aikatan gidan kula da tsofaffi, tana cin shinkafa a roba. Ta cire takalmi ɗaya. Idanunta sun faɗa kamar na wadda ta kwana uku ba ta runtsa ba, amma da ta ɗago su sai da gabansa ya faɗi.

"Kwali ne," ya ce. "Iska ta kaɗa shi, ba su da kuɗin sake ɗauka."

"Hazon fa?"

"Karan shinkafa suka ƙona. Ki saurara da kyau, za ki ji mai kamara yana tari."

Ta yi dariya har ta kusa shaƙewa. Sunanta Lai Pei-shan. Awa goma sha biyu take yi tana ɗaga tsofaffi, ta koma gida ta ɗaga kakarta, ta dafa wa mahaifinta, don uwarta ta rasu tun tana 'yar shekara sha shida. Takan tsaya bayan allon nan ne saboda nan kaɗai ba mai kiran sunanta.

Suka zauna suna kallo ta baya, komai a juye. Labarin wata mata ne da gari ya ce mayya ce, suka jefa ta rijiya, ta dawo tana bin zuri'arsu ɗaya bayan ɗaya. Gidan da aka ce na attajiri ne ɗaki biyu ne rak, sai dai a canza labule. Amma akwai wani wuri da mayyar ta fito daga duhu riƙe da kyandir, ta tsaya tana kallon kamara.

"Wannan ba mugunta ba ce a fuskarta," in ji Pei-shan a hankali. "Gajiya ce."

Po-yen ya juyo ya kalle ta. Sau fiye da ɗari ya ga wurin nan, ya kuma sha gaya wa abokansa hakan suna yi masa dariya.

"Fim uku 'yar wasan ta yi a makon," ya ce. "Ba su da fitila, sai suka yi aiki da duhu. Ba su da kwalliyar dodo, sai suka bar mata fuskarta."

"To ai sun yi daidai."

Kafin ta tayar da babur ya karɓi lambarta.

Soyayyarsu ba ta da wani armashi na a zo a gani, ta mutum biyu ce da suka gaji. Yawanci a waya ake yin ta.

"Mayyata, kin ci abinci?"

"Na ci rabi, Kaka Wu ta wajen aikinmu ta kwaɓe sauran. Kai fa, mutum nawa yau?"

"Kare ɗaya. Ya tafi kafin a gama."

"Bai san abu mai kyau ba. Ina kewarka, mai majigi."

Duk lokacin da aiki ya kawo shi ƙauyensu, in an gama na dole, sai ya sake ɗora mata mayyar. Sau huɗu suka kalla. A na uku ta nuna masa zaren da ke riƙe da jemage. A na huɗu barci ya ɗauke ta a kafaɗarsa, ya bar fim ya ƙare yana ta kaɗawa a injin, ya ƙi motsi don kada ta farka.

Sai hunturu ya zo da wani sanyi da aka daɗe ba a ga irinsa ba. Cikin kwana biyu kifin tafkunan mahaifinta, Lai Kuo-hsiung, ya taso sama ciki fari. Na maƙwabta ma ya mutu, har na waɗanda ba su taɓa taka haikali ba, amma wa zai tsaya lissafa wannan? Mai sayar da turare a ƙofar haikali, wadda bakinta ba ya riƙe ko ruwa, ta je ta ce ai dama yaron nan fim ɗin maita yake haska wa Uwar Teku, kuma 'yar shugaban kwamitin haikali ce ke taya shi kallo.

Shugaban kuwa shi ne Kuo-hsiung. Ranar da Po-yen ya je gaishe shi da kwalin shayi, ko kujera bai ba shi ba.

"Kai ne mai kawo wa Uwar Teku mayu?"

"A-peh," ya ce, yadda muke kiran sa'an uba don girmamawa, "fim ne kawai. Ba da raini na yi ba."

"Kifina da ya mutu ma fim ne? Ka ɗauki shayinka. Mutumin da ke nuna wa kujeru fim, har shi zai riƙe mata?"

Wannan ta ƙarshen ce ta fi yi wa Po-yen ciwo, don shi ma yakan tambayi kansa.

Kuo-hsiung na da nasa zaɓin: Hung Chih-hao, ɗan mai sayar da abincin kifi, wanda gidansu ke kallon nasu. Ba mugun yaro ba ne, sai dai in ya fara maganar motarsa sai ka nemi inda za ka jingina. Wata Lahadi Po-yen na wucewa ya hango Pei-shan ta tagar gidan abinci, zaune kusa da Chih-hao, ta sunkuyar da kai tana gyaɗawa. Bai tsaya ba, sai ya tura mata saƙo.

"Na gan ku. Na gode da duk kwanakin nan. Ki huta lafiya."

Daga nan ya kashe waya. Haka samari suke, su yanke hukunci daga kan titi su koma gida su hana kansu abinci.

Kwana biyar bayan haka ta same shi a garejinsa yana goge injin da ba shi da datti.

"In huta lafiya? Gawa ce ni?"

"Na ga kina gyaɗa masa kai."

"Gyangyaɗi nake yi, sakarai! A-pa ne ya ja ni can daga aiki. Minti arba'in yana bayanin tayoyi." Ta matso kusa da shi. "Po-yen, na gaji. Ba ni da ƙarfin yin faɗa da babana sannan in zo in yi da kai. Kuma ba zan aure ka ba tare da yardarsa ba, ka san haka. Ko ka taya ni, ko ka faɗa mini in daina wahala."

Ya ajiye tsumman, kunya ta rufe shi. "Ki yafe mini, mayyata. Me zan yi?"

"Ya ce Uwar Teku ta yi fushi. To a tambaye ta."

Ranar Asabar da hantsi aka taru a haikali. Kuo-hsiung ya yarda ne don ya tabbata zai yi nasara. Pei-shan ta turo kakarta, wadda take kira A-ma, a keken guragu, don ba wanda za a bar wa ita a gida. Po-yen ya tsaya can gefe kamar wanda aka kawo kotu.

Kuo-hsiung ya kunna turare, ya durƙusa, ya ɗauki katakan tambaya, guda biyun nan masu siffar jinjirin wata. In ɗaya ya kife ɗaya ya buɗe, an amsa da e. In duka sun kife, a'a. In duka sun buɗe, mukan ce Uwar Teku dariya take yi.

"Yaron nan ya ɓata miki rai da fim ɗinsa. In raba shi da 'yata?"

Ya jefa. Duka suka buɗe.

Ya gyara durƙuso, ya sake faɗin sunansa da unguwarsu dalla-dalla, ko ba a gane shi ba. Ya jefa. Dariya. A karo na uku katako ɗaya ya yi ta juyi a ƙasa har mai turare ta dafe ƙirji, sannan ya kwanta a buɗe kusa da ɗan'uwansa.

Sai tsohuwa ta yi magana daga kan kekenta.

"Wai wane fim ne ake ta wannan hayaniya a kai? Wata guda kuna magana a kaina kamar ni kurma ce."

Pei-shan ta sunkuya ta gaya mata.

"Na matar rijiya? Mai kyandir?" Tsohuwar ta tuntsire da dariya har da tari. "Ai Uwar Teku ta gan shi tun ba a haife ka ba, Kuo-hsiung. A farfajiyar nan aka haska shi ina 'yar shekara sha tara. Da matar ta fito daga duhu na ƙwalla ihu na damƙe hannun wanda ke kusa da ni. Ubanka ne. Bai sake ni ba har ya mutu."

"A-bu," in ji Kuo-hsiung ga mahaifiyarsa, "wannan daban..."

"Rufe mini baki. Shekara nawa kana shugabanci a nan, ba ka san me dariyarta ke nufi ba? Cewa take yi ka riga ka san amsa, ka zo kana ɓata mata lokaci. Ba kifi ba ne damuwarka. Gidan Hung taku goma ne daga namu, shi kuwa yaron nan garinsu da nisa. Tsoro kake ji ta tafi, ka rasa mai ɗaga ni, mai dafa maka. Faɗi gaskiya a gabanta."

Kuo-hsiung bai tashi ba. Ya daɗe yana kallon katakan a ƙasa. Mutum ne da ba a taɓa ganin hawayensa ba ko ranar da aka binne matarsa, amma kafaɗunsa suka fara rawa.

"Ban san yadda ake ɗaga ki ba, A-bu," ya ce. "Ban taɓa koya ba."

"To ka koya. Ba ni da nauyi."

Ba a sake jefa katako ba ranar. Da ya miƙe, ya wuce ta gaban Po-yen bai kalle shi ba, ya ce kawai, "Shayin nan naka, ka dawo da shi."

Da yamma saƙonta ya shigo.

"Mai majigi, na nuna wa A-pa yadda ake sa hannu ƙarƙashin hammata. Ya kusa yar da A-ma, ta zage shi tas. Yanzu suna can suna dariya. Ni kuma ina ɗaki ina kuka, ban san dalili ba."

"Ki yi kukanki, mayyata. Gobe zan zo da shayi, da mahaifiyata, da zuciyata."

Wata huɗu Kuo-hsiung ya yi yana koyo. Ya ƙona tukunya biyu, ya koyi wanka da juya tsohuwa kada bayanta ya yi gyambo. Chih-hao ma, a yaba masa, shi ya ba da aron motarsa don ɗaukar amarya, ko da yake sai da ya yi wa direban bayani na rabin awa.

Aka ɗaura aure da bazara. An kafa rumfa ta tare titi, tebur ashirin, miyar kaguwa na tafasa tun safe. Kafin a fita da amarya, ita da ango suka durƙusa gaban mahaifinta don sallama, kamar yadda ake yi. A-ma ta ɗora musu hannu a ka ta ce su tsufa tare, gashi ya yi fari a matashi ɗaya, tukunyarsu kada ta taɓa yin sanyi.

Saura uba ya sauke wa 'yarsa mayafi. Kuo-hsiung ya kama gefen mayafin da yatsunsa masu kaushi, ya tsaya yana kallon fuskarta. Duk hodar da aka shafa mata ba ta ɓoye faɗawar idanun nan ba, kuma ina jin ranar ce ya fara ganin su da kyau.

"Shan-shan, ki yafe mini," ya ce. "Shekara goma sha ɗaya kina ɗauke da mu, ban taɓa ce miki sannu ba. Sannu, 'yata."

Ta fashe da kuka ta rungume ƙafafunsa. Ya sauke mayafin a hankali, sannan ya juya ga Po-yen.

"Ba na neman ka yi mata arziki. Uwar Teku ta tsare ku, ta ba ku 'ya'ya masu jin ƙai. Abu ɗaya nake roƙonka: gobe da safe, kada ka tashe ta."