Ta Karanta Shi Daga Ƙarshe

"Faɗa min yadda labarin ya ƙare."

Edita ta ɗago kai daga kan tebur, jan biro maƙale a bayan kunnenta. Mai Agogo ne tsaye a bakin ƙofa, ko gaisuwar kirki babu, shi da kullum sai ya tambayi lafiyar kowa, har da tsohon injin buga littattafan da ke lungun ɗakin.

"Wane labari kuma, Malam?"

"Nawa. Babin ƙarshe da na sake rubutawa. Kin ce kin karanta."

"Na karanta mana. Na gyara shi tas."

"Ba gyara na tambaye ki ba. Me mutumin ya ce wa matar a ƙarshe?"

Wallahi ba ta sani ba.

Ƙaramar maɗaba'a gare ta, ɗaki ɗaya a bayan shagon yayanta. Irin labaran da manyan kamfanoni ke yi wa kallon hauka take bugawa: birane a ƙarƙashin teku, jirage masu yawo tsakanin taurari, mutum-mutumin ƙarfe mai hawaye. Marubutanta kuwa akwai ungozoma, akwai wata kurma mai zanen tufafi, sai wannan mai gyaran agogon da ya fi su duka shiru. Daga marigayi Babanta ta gaji injin, ta kuma gaji dokarsa: karatun gyara daga baya ake yin sa, kalma bayan kalma, daga ta ƙarshe zuwa ta farko, don kada daɗin labari ya ɗauke maka ido kuskure ya wuce. Rubutun farko na littafin ta karanta shi da zuciya ɗaya. Sabon babin kuwa ya zo mata lokacin da aiki ya sha mata kai, sai ta bi shi ta baya kawai, ta mayar masa da shi jajir.

"Ashe gaskiya ta faɗa," in ji shi a hankali.

"Wa?"

"Ƙawarki ta babban kamfani. Ta ce ke ba kya karanta mutane, kurakuransu kawai kike nema."

"Malam, tsaya ka ji..."

"Yau da yamma za ta zo shagona. Zan ba su littafin."

Ya juya ya tafi, bai ko buga ƙofa ba. Da ma ya buga, da ya fi mata sauƙi.

Ƙawa! Tare suka share ƙurar ɗakin nan bayan rasuwar Baba, tare suka ɗinke littafinsu na farko, kafin Ƙawa ta ga ofis mai sanyi ta tattara ta bar ta. Yanzu kuma ta tsiri kai wa Mai Agogo gyaran agogon hannunta, wanda lafiyarsa lau.

Ba a jima ba Yaya ya leƙo, kamar da ma a bayan ƙofa yake.

"Auta, ya tafi da littafin ko? To madalla. Shi ne kika ce zai tsayar da wurin nan da ƙafafunsa. Yanzu sai ki ba ni ɗakina in zuba kaya."

"Yaya, don Allah ba yau ba."

"Ni da ma take-takensa ba su yi min ba. Mai gyaran agogo a zamanin da kowa ke duba lokaci a waya? Ke da shi duk sammakal, kuna sana'ar da duniya ta wuce."

Ya fita, ɗakin ya yi tsit. Shayinta ya huce a kofi kamar kullum. Ta dubi kujerar da Mai Agogo ke zama, ta dubi kwalayen littattafan da ba a saya ba, sai kaɗaici ya danne ta. Ba ɗakin ne ya fi damunta ba. Mai Agogo ne kaɗai mutumin da in ya shigo take jin ita ma ana ganinta.

"Kai ma ka yi shiru," ta ce wa injin.

Kofen babin na nan a ƙarƙashin gwiwar hannunta. Ta zare biron daga kunnenta ta jefa a durowa. Ta soma daga layin farko.

Wata mata ce ita kaɗai a wata tasha can gefen taurari, aikinta gyara saƙonnin da duniyoyi ke aika wa juna. Tana da jan biro a bayan kunne. Shayinta kullum sai ya huce. Tana hira da injinta idan kewa ta ishe ta.

Edita ta dafe ƙirji.

Akwai kuma mutumin da ke zuwa gyara agogon tashar. Duk zuwan da ya yi sai ya bar wani ɗan ƙarfe a sassauce, don agogon ya sake tsayawa a sake kiransa.

Ta ɗaga ido a hankali zuwa bango. Agogon Baba, wanda ya addabe ta da tsayawa tun da Mai Agogo ya fara taɓa shi, yau ma a tsaye yake cak.

"Amma kai mugu ne..." ta ce, dariya da kuka suka haɗe mata.

A shafin ƙarshe mutumin ya ce: "Na gaji da ɓata agogo. Za ki yarda in zauna?" A nan babin ya tsaya. Babu amsa. Ita ya bar wa, ita kuwa ta mayar masa da takardarsa tana yabon kanta a kan gyara.

Ta hau kujera ta sauko da agogon, ta rungume shi ta fita, ko mayafinta ba ta daidaita ba.

Shagonsa ɗan tsukuku ne a ƙarshen layi, agogo ko'ina, kowanne da nasa lokacin. Ƙawa na zaune ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, tana magana da muryar nan tata ta zuma.

"Gyara kaɗan ne, Malam. Matar nan mai biro za mu cire, ta cika tsufa da shiru. Mu sa 'yar gayu, wadda za ta sayu." Sai ta hangi Edita. "A'a, ƙawata! Da kaya haka?"

Edita ba ta ko kalle ta ba.

"Malam, na karanta."

"Ta baya?"

"Daga farko."

Ya ajiye ɗan madubin da yake sawa a ido.

"Kurakurai nawa kika samo wannan karon?"

"Ban ga ko ɗaya ba... idona bai bar ni ba."

Ƙawa ta yi tsaki. "Malam, ka yi tunani. Littafinka zai shiga ko'ina a hannunmu. A wajenta fa? Kwali da ƙura."

"Ki yi haƙuri, Hajiya," ya ce, idonsa na kan Edita. "In aka cire matar nan babu littafi. Kuma agogonki lafiyarsa ƙalau, tun ranar farko."

Ƙawa ta suri jakarta ta fice, takalminta na ƙwas-ƙwas har ƙarshen layi.

Suka rage su biyu.

"Yaya zai yi faɗa," in ji Edita.

"Zan je in same shi da kaina. Amma ke, abar ƙaunata... babin bai ƙare ba."

Ta ɗora agogon Baba a kan teburinsa, ta tura masa shi a hankali.

"Gyara shi na gaskiya wannan karon," ta ce. "Ba ka ƙara buƙatar dalilin zuwa."