Mai Tashin Iliyasu a Sama

Ana dab da kiran magariba a Kwandiko, Inna Jummai tana tuƙa tuwo, sai dutse ya faɗo a kan kwanon ɗakin ɗanta Iliyasu. Wani ya biyo baya, wani ya sake biyowa. Kaji suka yi tsit a akurki. Aka zagaya bayan danga, babu kowa.

Iliyasu matuƙin jirgin sojan sama ne, na farko da ƙauyen ya taɓa haifa. Ya zo hutu daga Kaduna da cutar da yake ɓoye wa manyansa: barci. Yana cikin magana sai kansa ya langaɓe. Ya ci goro har haƙora suka rine, ya sha gahawa, duk a banza. Inna kaɗai ya gaya wa cewa idonsa ya taɓa rufewa a sama, ya farka jirgi ya dunƙufar da hanci ƙasa.

Jifan ya ci gaba kowace almuru. Rannan ƙanwarsa Batulu ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu, ta tashi da murya mai kauri irin ta tsoho, tana kiran sunansa. Gida ya ruɗe, amma Iliyasu sanyi ya ji a ransa. In aljani ne, ai da magani: a kore shi, ya koma bakin aikinsa.

Aka ɗauko Malam Hambali daga Fagam, dattijo masanin ruƙiyya. Ya shimfiɗa buzu, ya yi ta karatu har duhu ya soma cin tsakar gida. Batulu ta miƙe zaune, idanu a kafe.

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Mazaunin duwatsun Birnin Kudu."

"Kai ka ɗora wa yaron nan barci?"

Dariya ta fito daga ƙirjin yarinyar. "Ni? Barcinsa a jikinsa yake, Malam. Ni ne mai tashinsa. In ya ratsa samanmu yana gyangyaɗi, ni ke marinsa, kada ƙarfen nan ya rikito a kan 'ya'yana. Na gaji."

Iliyasu ya zabura. "Ƙarya yake! Malam, ƙona shi! Ka san wahalar da na sha kafin in hau kujerar nan?"

"Sojojin da kake ɗauka a bayanka fa," in ji muryar, "sun sani?"



"Aljani kan yi ƙarya," Malam ya ce a hankali, "amma barcin dai mun gani da idonmu. Kai kuma, me kake so ka saki yarinya?"

"Ya rantse zai gaya wa likitan sojoji. Shi ke nan."

Inna ta share hawaye da gefen zane. "Iliya, dubi ƙanwarka."

Ya dube ta: leɓe a bushe, gwiwa da ƙunar murhu. Ya rantse cikin takaici. Batulu ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale a cinyar Inna, tana neman ruwa da muryarta.

Ya cika alkawari. Likitoci suka duba shi, suka ce ciwo ne da ba su da maganinsa, aka hana shi tashi. Aka ba shi tebur a ɗakin ajiyar kayan gyara, daf da filin jirgi.

Har ya bar aiki, duk sa'ad da inji ya soma ruri a filin, Iliyasu yakan miƙe ya rufe taga.