Linzamin Lurwanu

Da hantsi, lokacin da jiragen haya marasa direba ke shawagi tsakanin benayen Sabon Shere, 'yan gudun Cibiyar Horo suna can sama a kan Zobe. Zobe hanya ce da aka ɗora a kan ginshiƙai ta kewaye birnin, an shimfiɗa mata roba mai laushi da ke shanye dukan ƙafa. Babu mota a kanta, babu mai talla, babu wanda za a ce wa sannu. A ɗakin sa ido, Dakta Rumasa'u Tanimu tana zaune gaban bangon gilashi, inda kowane ɗan gudu ya zama ɗigon haske kore yana tafiya a hankali. Ɗigon da ke gaba na ƙaninta ne, Lurwanu.

Abin da ke tafiyar da su wata 'yar na'ura ce da ba ta wuce ƙwallon dabino ba, ana dasa ta ƙarƙashin fata a ƙeya. Rumasa'u ce ta ƙera ta, ta raɗa mata suna Linzami. Linzami yana sauraron zuciya. Idan ɗan gudu ya zaƙe, sai ya ja shi baya, ya koma irin gudun da mutum zai iya yi yana hira. Akwai kuma ƙaimi a cikinsa, wanda idan likita ya danna yake aika umarni kai tsaye ga tsokar ƙafa ba tare da neman izinin mai ƙafar ba. Amma babban aikinsa shi ne tare saƙon gajiya kafin ya isa ƙwaƙwalwa.

Tun zamanin kakanni masu horo suke musu a kan tambaya ɗaya: shin yawan nisa a sannu-sannu ne ke sa mutum sauri ranar tsere? Masu cewa e suna da hujja. Da irin wannan gudu zuciya ke ƙara girma, ƙananan hanyoyin jini su yawaita a cikin tsoka, jiki ya koyi tattalin numfashi. Sai dai ba wanda ya taɓa bin zancen har ƙarshensa, don gajiya da rauni kan tsayar da kowa a hanya. Linzami ya kawar da gajiya, robar Zobe ta kawar da rauni, aka kuma ƙera gadaje masu juya wa mutum ƙafafu yana barci don jini ya ci gaba da zagayawa.

Saura cikas guda, kuma shi ya fi ba Rumasa'u haushi, wato gaisuwa. Sa'ad da 'yan gudu ke bin titunan gari, ba su yin nisa sai sun ci karo da kawun wani ko ƙawar uwar wani. Dole a tsaya, a durƙusa, a tambayi gida da aiki da masu jiki, tsoho ya gama sa albarka kafin a tashi. Duk awon da take yi sai ya fito a gutsuttsure kamar ɓera ya bi ta kansa. Ita ta matsa har aka gina Zobe, kuma tana alfahari da hakan, don daga nan aka shiga ƙara nisa mako bayan mako ba ji ba gani.

Amsar tambayar kuwa ta fito fili. Lurwanu ya je tsere a ƙasashe ya dawo da kofuna har aka rasa wurin ajiyewa.

Inna Kyauta, mahaifiyarsu, ita ta fara ƙorafi. Da yake Rumasa'u 'yar fari ce, Inna ba ta kiran sunanta, sai dai ta ce Likita, da 'yar zolaya a ciki.

"Likita, me kuka yi wa Autana ne? Ya daina durƙusa mini. Yana gaishe ni yana kewaya tsakar gida kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Tuwo ma a tafe ya ci shi."

"Inna, jinin gudu ne kawai. Zai wuce."

"To. Ku ne masu ilimi. Ni dai ko sallarsa na leƙa, kafin in kai ƙarshen Fatiha ya sallame."

Rumasa'u ta yi dariya, ta kawo wani zancen. Ba a daɗe ba sai Bitrus, abokin gudun Lurwanu, ya je shagon aski ranar hutu. Ya zauna a kujera, mai aski ya ɗaura masa ƙyalle, ya gama gefe ɗaya, ya ce masa ya ɗan juyo. Bitrus bai juyo ba.

Rumasa'u ta bi bayanan Linzamin mamacin. Zuciyar Bitrus ta yi girma, ta yi ƙarfi, amma ta saba da ƙafafu su riƙa turo mata jini dare da rana. Da ƙafafun suka tsaya cak, bugunta ya yi ta sauka har ya ɓace. Ta waiwayi tsofaffin awonta, na zamanin titi, waɗanda ta riƙa tsaki a kansu. A kowace tsayuwar gaisuwa zuciya takan sauko, ta riƙe kanta, sannan ta sake hawa. Ashe a gaban kawunan nan masu dogon surutu zuciyoyin yaran ke koyon tsayuwa.

Ta garzaya ofishin Darakta Shu'aibu Jatau, shugaban Cibiyar, mutum mai taushin murya wanda bai taɓa gudu ba sai in ruwan sama ya kama shi.

"Yallaɓai, dole a dakatar da ƙarin nisa. Yaran nan ba za su iya zama ba."

"To a cire musu Linzamin mana."

"Idan aka cire, gajiyar da aka tare musu za ta sauko a lokaci ɗaya, ba zuciyar da za ta ɗauka. Sai dai a riƙa rage nisan kaɗan-kaɗan, a koya musu tsayuwa kamar masu koyon tafiya. Zai ɗauki watanni."

"Watanni, ga babban tsere a gabanmu?" Ya gyara hularsa. "Dakta, Bitrus kwanansa ne ya ƙare, Allah ya jiƙansa. Mu bari a dawo daga tseren, sai mu zauna."

Kalmar zaman ma ta ba ta tsoro. Ta hau keken lantarki ta bi Lurwanu a kan Zobe, ta jera da shi. Yana gudu cikin natsuwa, ko gumi babu, ta zayyana masa komai.

"Yaya, na riga na sani," in ji shi. "In na tsaya sai in ji kamar ana zare mini wani abu daga ƙirji. Amma ke kika ce mu bi abin har ƙarshe. Bari in ciyo wannan, sai ki koya mini zama. Inna ma ta huta da faɗa."

Ta so ta yi masa tsawa irin ta yayye, amma ta kasa, don da bakinta yake magana.

Inna Kyauta ba ta jira tseren ba. Zazzaɓi ne ya kwantar da ita, kafin a ankara rai ya yi halinsa da safiyar wata Talata. Lurwanu ya sauko daga Zobe ya shigo gida a guje yana kuka, yana kai da kawowa tsakanin zaure da ƙofar ɗaki, mata suna matsa masa hanya suna cewa ɗimuwa ce. Rumasa'u ta bi shi, tana tafiya yana tafiya.

"Lurwanu, ka saurare ni. Sallar gawa ba ruku'u, ba sujada, tsayuwa ce zalla. Ga liman ɗinmu ba ya gaggawa. Ka ɗauki makara, wannan tafiya ce, ka kai ta har maƙabarta. Amma kada ka shiga sahu."

"In ce wa mutane me? Uwata ce a gaban liman."

"Ka ce ba ka da lafiya."

"Duk garin nan wa ya fi ni lafiya?" Ya goge ido da hannun riga. "Yaya, tana raye na kasa durƙusa mata. Yau kuma in kasa tsaya mata? Ki rantse ba za ki taɓa ƙaimin nan ba."

Ba ta rantse ba, shi ma bai jira ba. Maza suka fitar da makara ƙofar gida, ita ta koma cikin mata ta zauna a tabarma, ta ɓoye allon aikinta a ƙarƙashin hijabi. 

Aka ɓata lokaci wajen daidaita sahu, kamar kullum, ana cewa a matso, a cike nan. A kan allon, ɗigon Lurwanu ya tsaya wuri ɗaya, abin da ta daɗe ba ta gani ba. Liman ya yi kabbarar farko, muryarsa ta ƙetaro katanga. Layin bugun zuciyar ya fara faɗi, tudu ɗaya ya yi nisa da ɗan'uwansa. Da kabbara ta biyu kore ya koma rawaya. Wata gwaggonsu ta dafa ta tana cewa ta yi haƙuri, kowa da ranarsa. Rumasa'u ta gyaɗa kai, idonta na ƙarƙashin hijabi.

A kabbara ta uku ake yi wa mamaci addu'a, kuma ita ce Lurwanu ya tsaya dominta. Liman ya ɗaga murya, ɗigon ya yi ja, layin ya kwanta. Ta jira tudu na gaba, bai zo ba. Ta san abin da zai ce, ta san abin da gari zai ce, ta kuma san ba za ta iya fitar da makara biyu daga gida ɗaya ba. Ta danna ƙaimi har ƙarshensa.

Ba ta ga abin da ya faru ba, ji ta yi. Ƙarar takalma da aka ture, wani dattijo yana salati, sai kuma dukan ƙafafu a kan kwalta yana nisa. Ɗigon ya koma kore, ya fita daga sahu, ya miƙe titi da saurin da allon bai taɓa nunawa ba. Liman ya yi kabbara ta huɗu, ya sallame, sahun gaba da giɓi.

Aka kai Inna makwancinta, aka dawo aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida don karɓar gaisuwa. Wurin ɗanta ya kasance babu kowa, masu zuwa ta'aziyya suna kallon wurin suna kallon juna. Wayar Rumasa'u ta yi ƙara, Darakta ne.

"Allah ya jiƙan Inna, ya ba ku haƙuri," in ji shi. Sai ya rage murya. "Dakta, kin kuwa duba saurin yaron nan na ɗazu? Ba a taɓa yin irinsa ba. Kin amsa tambayar nan har abada."

Ta kashe wayar. Ƙaimin ya daɗe da sakinsa, amma Lurwanu bai koma Zobe ba. Gidan yake kewayawa ta lungun baya, a sannu, da gudun nan na hira. Ta je ta tsaya a tagar ɗakin Inna, wadda ke kallon lungun. Ya wuce sau ɗaya bai dube ta ba. Ya sake zagayowa, fuskarsa jiƙe, ya yi magana ba tare da ya juyo ba.

"Yaya, an ƙarasa mata sallar?"

Ta buɗe baki za ta amsa, amma ya riga ya sha kwana. Sai ta riƙe ƙarfen tagar, tana jiran ya sake zagayowa.