Ƙwanƙwasar Marigayi

Sufeto bai gama shayinsa ba aka kira shi, wai an yi sata a wani ƙaramin kamfani mai zana ƙwaƙwalwar na'urori. Mutumin da ko wayarsa ta ƙi kunnuwa sai ya miƙa wa 'yarsa, shi aka tura. Ya ja Saje suka tafi yana ƙunƙuni.

Manaja ne ya tare su, dattijo mai gilashi, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ya ce ƙaninsa marigayi ya zana wani tsari da ake zubawa a guntun na'ura, irin wanda ake gogewa a sake cikawa. Tsarin ne ke lura da numfashin bakwaini a kwalabar asibiti. Ba sa sayar da shi, lasisi suke bayarwa. Yanzu wani babban kamfani ya nemi haɗin gwiwa, da sharaɗin a goge kowane kwafi da ya rage a hannunsu. Gobe za a sa hannu, sai ga allon gwajin marigayi, mai ɗauke da guntun, ya yi ɓatan dabo daga teburinsa.

"Abokan hamayya ne, ranka ya daɗe. In tsarin ya fita, yarjejeniya ta rushe, ma'aikatana sun koma gida."

Sufeto ya duba ƙofar ɗakin aikin marigayi, ba a ɓalle ta ba. Sababbin kwamfutoci suna nan ba a taɓa ba. A ƙarƙashin tebur kuwa akwai shatin wani abu mai nauyi da aka ja. Wata ma'aikaciya ta ce batir ne. Irin wannan guntu, in ji ta, da an yanke masa wuta ya manta duk abin da ke cikinsa, shi ya sa tun rasuwar mai allon ba a taɓa kashe allon ba. Ta ƙara da cewa mai son satar tsari ai kwamfuta zai ɗauka.

Mutum biyu ke da makulli: Manaja, da matar marigayi, wadda kowa ke kira Injiniya, kuma rabin kamfanin nata ne. Manaja ya rantse ta yarda a goge allon. Sufeto ya tsare shi da ido, sai ya sunkuyar da kai, ya ce gaskiya bai iya faɗa mata ba, a bakin lauya ta ji.

Da Sufeto ya je yi wa Injiniya tambayoyi, ba ta ɗaga kai daga aikinta ba.

"Yaushe rabonki da ɗakin?"

"Tun ranar da ya rasu. Ko ƙofar ba na iya kallo."

"To wa ke goge teburin? Ban ga ƙura ba."

"Mai shara."

Mai shara ba shi da makulli, Sufeto ya riga ya tambaya. Kuma ya lura da wasu ƙananan ramuka a gefen rigarta, irin waɗanda ruwan batir ke yi. Wallahi ya so a ce ƙaton ɓarawo ne, ya ji daɗin kama shi.

Da la'asar suka je gidanta. Ba ta yi gardama ba. A falo, kusa da kujerar marigayi da ba wanda ke zama a kai, ga allon a kan ƙaramin tebur, waya ta haɗa shi da batirin. Wata koriyar fitila tana ƙyaftawa, da sauri da sauri, ta ɗan tsaya, ta sake.

"Haka yake ƙwanƙwasa ƙofa," ta ce. "Tun yana zuwa zance gidanmu. Ya saka shi a tsarin don ya ba ni dariya. Ranar da zai yi fitarsa ta ƙarshe ya zuba wannan da hannunsa, ya ce in duba masa kafin ya dawo. Ban ba kowa ba, Yallaɓai. Sun ce gobe za su goge shi ne."

Manaja, da ya biyo su a baya, ya jingina da bango yana kuka kamar yaro. Ya roƙi a janye ƙara, ƙanwarsa ce, shi ya yi laifi da ya yi shiru. Sai dai bakin alƙalami ya bushe, lauyoyin babban kamfanin sun riga sun shigar da tasu.

Sufeto ya ce ta ɗauko mayafinta, ba za a sa mata ankwa ba. Yana tunanin yadda za a ɗauki allon da batirinsa tare, ya juya zai ba da umarni. Saje kuwa, bawan Allah mai son aiki, ya riga ya buɗe jakar shaida. Ya fizge wayar.

Fitilar ta mutu.

Injiniya ba ta yi ihu ba. Ta tsaya tana kallon allon, sannan ta gyara mayafinta.

"Yaya, ka je ka sa hannun," ta ce. "An goge."

Ta wuce gaba zuwa mota. Sufeto ne ya ja mata ƙofar gidan, a hankali, don kada ta yi ƙara.