Fuskokin Matan Dauran

Nazifa ta tura masa wayar har kusa da hanci.

"Mubashir, wa ya ba ka izinin ɗora wannan?"

A bakin shagon cajin waya suke, kusa da tashar jirgin ƙasa ta Kaura. A cikin wayar, matan Dauran ne ke sussukar gero, kiɗa na tashi, fuskar kowacce a fili, har da Rekiya, amaryar ɗan Baffa Namadi, tana dariya ba mayafi.

Fim ɗin nan aikinta ne na kammala karatu a kwalejin fasaha. Kafin ta kunna kyamara sai da ta durƙusa gaban Baffa Namadi, ƙanen mahaifinta, ta yi masa alkawari cewa hannu da turmi da taɓarya kaɗai duniya za ta gani. Shi ya sa ta zaɓi manhajar tace bidiyo ta kwamfuta, mai nauyi, mai cin rai, amma tana rufe fuska ta bi ta duk inda ta juya.

Mubashir kuwa, wanda iyayensa suka riga suka nemi aurenta, kullum cewa yake wahalar banza ce. Zulaihat, 'yar ajinsu da ta daɗe tana yi masa murmushi, ita ta nuna masa wata ta waya mai haɗa komai kafin shayi ya huce. Ya kwashi hotunan da Nazifa ta ɗauko, ya haɗa, ya ɗora don abokai su yaba.

Ya fara rantsuwa cewa burge ta ya so yi.

"Sahibata..."

"Kada ka ƙara kirana haka. Ni na ci tuwonsu, ni suka cire wa mayafi."

Ya goge nan take, amma ina! Zulaihat ta riga ta tura wa wani ɗan Dauran. Kafin la'asar Baffa ya kira mahaifin Nazifa, mahaifin ya ce a dakatar da maganar aure, yaron da bai san darajar cikin gida ba ba zai riƙe masa ɗiya ba.

Nazifa ba ta roƙa masa ba. Ko kusa.

Washegari Mubashir ya hau babur sai Dauran. Ya tuɓe takalmi, ya zauna a ƙasa a ƙofar zauren Baffa. Baffa ya bar shi rana ta gasa shi, sannan ya fito ya ce ba shi aka tozarta ba, Rekiya ce, tun jiya ta ƙi fitowa ɗaki. Hukunci kuma ɗaya ne: ya bi garin majalisa-majalisa, duk wayar da hoton ya shiga ya roƙi mai ita ya goge a gabansa.

Ya bi. Samari suka yi ta masa tsiya, suna kiransa daraktan sussuka. Wani ma sai da ya sa shi ɗaurin dami. Ya haɗiye.

Da ya dawo Kaura, Nazifa ta ajiye kwamfutar a tabarmar zaurensu, ta koma can gefe. Ya yi kwanaki yana rufe fuskoki ɗaya bayan ɗaya, tana cewa ya sake.

Da aka gama, Dauran ta fara kai fim ɗin, ba makaranta ba. Mata suka taru a tsakar gida, kowacce na gane hannunta tana shewa. Rekiya ta leƙo, ta kalla har ƙarshe, ta ce a gaya wa mutumin ta yafe.

Baffa da kansa ya kira yayansa ya ce a sa rana.

Mubashir na jira a waje, jikin babur.

"Sahibata?" ya ce a hankali, kamar mai taka ƙaya.

Ta harare shi sosai, ta gyara mayafi.

"Na ji. Tayar da mashin."