Ƙyallen da Ruwa Ba Ya Jiƙawa

A shagon ɗinkin Malam Kailani da ke Tudun Wada suka fara ganin juna, kuma a kan idonsa. Suhaibu, wani matashin malamin jami'a, ya zo neman fararen ƙyallaye, wai zai yi darasi da su a aji. Bahijja, 'yar Malam da ta shiga ajin farko na injiniyanci, ta miƙa masa. Kallon ya daɗe. Malam Kailani ya taka keke da ƙarfi har zare ya tsinke.

Yarinyar da kullum take kukan karatu ya yi mata wuya, sai ga ta tana zumuɗin fita, ashe Suhaibu ne ke koyar da ajinsu. Wata rana ta zuba zoɓo a kan ɗaya daga cikin ƙyallayen nan da Suhaibu ya yi wa wani feshi, ya gangare bai bar tabo ba.

"Baba, nano ke nan. Ƙananan abubuwa ne da ido ba ya gani."

"Abin da ido ba ya gani, mu asiri muke ce masa. Kawo wayar nan!"

Ya karanta saƙon Suhaibu da ƙarfi: "Injiniyata, tambayarki ta yau ta fi darasin daɗi. Kada ki bar karatun nan, ko da ni za ki bari."

"Daga yau ke da makarantar nan kun rabu."

Ta daina cin abinci. Shi ma barci ya ƙaurace masa, don shi ya fi kowa son ta zama injiniya. Ranar Talata ya hau acaɓa ya nufi ajin, da niyyar cin mutuncin yaron.

Ya tarar Suhaibu yana ɗiga ruwa a kan ganyen gwaza, ɗalibai sun zuba ido.

"Kun ga bai jiƙe ba? Allah ne ya fara yin wannan, mu kwaikwayo muke yi. Baba, bismillah, leƙa madubin nan."

Ya leƙa madubin, irin mai girmama ƙananan abubuwa. Ganyen da ya sani tun yana yaro, ga shi cike da 'yan tuddai. Ya ɗago fuska a murtuke.

"Na yarda ba boka ba ne kai. Amma malamin kirki ba ya aika wa ɗalibarsa saƙo a bayan ubanta."

Suhaibu ya sunkuyar da kai. "Na yi kuskure, Baba. Ni zan nemi a canza mini aji. Ita ta dawo."

"In da gaske kake, turo manyanka. Kuma sai ta gama."

Suhaibu ya jira har ta gama karatu. Ranar ɗaurin aure aka tsuge da ruwa. Rigar ango, wadda Malam Kailani ya ɗinka da hannunsa, aka kuma yi mata feshin nano, ko ɗigo bai kama ta ba. Malam kuwa, da ya ƙi a fesa wa tasa, ya jiƙe sharkaf.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya," ya ce yana matse hannun riga. "Kai kuma, daina murmushin nan. Gobe ka zo da abin feshinka."