Kellu Ta Cikin Akwati

"Baiwar Allah, taimake ni da ruwa! Zai mutu!"

Sakina ta dire bidon ruwan da ta sha dogon layi tun safe kafin ta cika shi. A shekarar nan ta fari, ba a wasa da ruwa a Damagaram. Amma ganin yadda saurayin da ya kira ta yake haki, sai ta bi shi zaure a guje, tana zaton tsoho ne ya some.

Wani baƙin akwatin ƙarfe ta tarar yana huci. Saurayin ya jiƙa buhu da ruwanta ya rataya a gaban bantilatar, wato fanka, iska mai sanyi ta fara bugun akwatin.

"Wannan ne mara lafiyar?" ta ce, ta riƙe ƙugu. "Ruwan gidanmu ka ba gwangwani?"

"Sunana Sha'ibu," ya ce a kunyace. "Zan biya ki bido biyu."

Ya biya. Ya kuma ci gaba da biya har bayan bashin ya ƙare, kullum da bido a bayan kekensa zuwa ƙofar gidansu a Birni.

"'Yar bidona," yakan rubuto mata, "yau ma rana ta ƙona gari, ni dai da na tuna ki na ji sanyi."

"Allah Ya shirye ka, likitan gwangwani," takan mayar, tana ɓoye murmushi a mayafi.

Mahaifinta, Malam Idirisu, bai ga abin murmushi ba. "Yaron da ya gama makarantar lise ya koma tsintar matattun ordinatar, kwamfutocin nan, a kasuwa? Gero ya yi tsada, ƙarfe za ki ci?"

Ana cikin haka wani saƙo ya shigo wayar Sakina, wanda Sha'ibu ya yi nufin aika wa abokinsa Dodo: "Kellu na ɗakina, jikinta zafi rau tun jiya. Ban iya rabuwa da ita, ko Sakina ba ta sani ba."

Wayar ta kusa faɗuwa. Wa bai san Kellu ba? Ita ce matar da ke aiko wa unguwa saƙo kowace safiya, ta faɗi famfon da ya kawo ruwa, ta sa sunanta a ƙasa. Ba wanda ya taɓa ganinta. Ashe a ɗakinsa take!

Malam Idirisu ya karanta, ya zura takalmi. "Taho, ki gani da idonki ki huta."

Suka same shi tsugune a zaure da sukundireba.

"Fito da ita," in ji tsohon.

"Wa, Baba?"

"Kellu!"

Sha'ibu ya dubi jajayen idanun Sakina, ya dubi wayarsa, ya dafe kai. Sannan ya nuna akwatin. "Ga ta nan ciki."

"A'uzubillahi!" Malam Idirisu ya ja baya. "Aljanu kake kiwo?"

"A'a, Baba. Sarbar ce na haɗa da tsoffin kaya, don sabuwa ta fi ƙarfina. Kamar gida ɗaya ne aka yanka ɗakuna, kowane ɗaki yana aiki kamar inji mai zaman kansa. Ɗaya na karɓar labari daga 'yan ga-ruwa ya rarraba wa mutane. Shi na sa wa sunan kakata Kellu, don ita ce ta san rijiyoyin garinmu duka. Na san mutane sun fi yarda da maganar tsohuwa."

Ya taɓa madannai. Wayar Malam Idirisu ta yi ƙara a aljihu. Ya ciro, ya miƙa wa Sakina ta karanta da ƙarfi: "Malam, famfon Zango ya kawo. Kuma jikana yana son 'yarka. Kellu."

Tsohon ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, dariya ta ƙwace masa. "Ni da nake sa wa matar nan albarka bayan kowace sallah! Ashe gwangwani nake yi wa addu'a."

"Ka ɓoye mini," Sakina ta ce ƙasa-ƙasa, tana share ido.

"Na tuba, 'yar bidona. Da ba ki ba ta ruwa ranar nan ba, da tuni ta mutu. Ke ce uwar ɗakinta."

Bayan sallar layya aka ɗaura aure. Ba a yi shagali mai yawa ba, shekarar ba ta bari ba, amma 'yan ga-ruwa suka jera kurarsu ta turin ruwa a ƙofar gida, suka cika kowace randa kyauta. Malam Idirisu ya riƙe hannun Sha'ibu. "Allah Ya sanyaya gidanku, Ya ba mu damina."

"Amin, Baba," suka ce tare.

Ba su gama shafa addu'a ba kabu-kabu ya tsaya. Wata doguwar mata ta sauko da ƙullin kaya a ka, idonta jawur.

"Daga Mirriya nake. Sunana Kellu," ta ce. "Ina wanda ke aika wa mazan gari saƙo da sunana? Mijina na tafe a bayana, kuma ba shi kaɗai ba ne."